Kowa ya ce ya gamsu, benci kuwa babu kowa

Daren da na gama ƙirga takardun nan murna ta hana ni barci da wuri. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jingina fitilar sola da turmi, na riƙa ware su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Takarda 64 na raba, 61 suka dawo hannuna. Kusan kowa ya yi alama a kan "na gamsu ƙwarai", tun daga tambayar farko har ta ƙarshe. Littattafai, na gamsu ƙwarai. Wurin zama, na gamsu ƙwarai. Mai kula da ɗakin, wato ni, na gamsu ƙwarai, wani ma har ya ƙara "Allah Ya saka da alheri" a gefen takarda. Na kira mai ɗakina na nuna mata. Ta duba ta ce, "To madalla, Malam. Amma in haka ne, me ya sa kullum kake dawowa kana cewa yau mutum uku ne suka zo?"

Ban ce mata uffan ba. Washegari da la'asar na buɗe ɗakin, na zauna har aka kira magariba. Mutum huɗu suka shigo, biyu daga ciki cajin waya ya kawo su.

Bari in ɗan koma baya saboda wanda bai san mu ba. Garinmu yana ƙasar Ringim, ba a bakin titi ba, sai ka sauka ka hau babur. Ni malamin firamare ne, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Ɗakin karatun namu ba na gwamnati ba ne. Ƙungiyar ci gaban gari ce ta gyara wani tsohon sito da ake ajiye takin zamani a da, ta yi masa silin da fenti. 'Yan garinmu da ke aiki a Kano da Dutse da Abuja suka haɗa kuɗi aka sa sola, aka ƙera benci shida da tebur biyu da kantoci, aka sayo kabad biyu na ƙarfe. Littattafan kuwa duk sadaka ce, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka damƙa mini makulli saboda na taɓa yin wani ɗan kwas na sati biyu kan tsara littattafai, kuma gidana ya fi kusa. Ko sisi ba a ba ni, ba kuma ƙorafi nake yi ba.

Duk shekara kwana biyu bayan babbar sallah ƙungiya take taro, lokacin da 'yan birni suke gida. A wancan karon aka ce kada in zo da baki, in zo da rahoto a rubuce, da alƙaluma, domin masu ba da kuɗi su san inda kuɗinsu yake tafiya. Sai na buga wa 'yar yayana waya, wadda take karanta ilmin laburare a jami'a. Ta turo mini wata takardar tambayoyi ta WhatsApp, irin wadda suka gwada a aji. Na mayar da ita Hausa, na kai wani shagon kwamfuta a Ringim aka buga mini. Kowace tambaya da matakai biyar a gabanta, daga "ban gamsu ba ko kaɗan" zuwa "na gamsu ƙwarai". Daga baya ne take gaya mini wannan tsari na matakai wani Ba'amurke mai suna Rensis Likert ne ya fito da shi tun 1932. Ni dai a lokacin gani na yi abin ya yi kyau a ido, har na ƙara wani layi da kaina a sama, wurin rubuta suna da unguwa, don kada a ce ni na zauna na cike su.

Ni na raba da hannuna, ni na ba da biro, ina tsaye a kan mutum har ya gama.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya tun ina saurayi, wanda yake zuwa duba tsofaffin jaridu. Na miƙa masa takarda, ya gyara tabarau, ya sa biro a layin ƙarshe ya bi shi tiryan-tiryan har ƙasa, bai kai minti ɗaya ba. Na ce, "Baba, ai ba ka karanta ba." Ya ce, "Ɗan nan, me zan karanta? Kai ne kake baro gonarka ka zo ka buɗe mana ɗaki, ko goro ba a ba ka. In zo in ce ban gamsu ba? Ai sai a ce ban gaji arziki ba." Muka yi dariya, na ji daɗi a raina. Shi kuwa wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, wanda ni na koya masa baƙi da wasali a firamare, ya daɗe yana juya takardar yana cizon murfin biro. Can ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, wacce ce amsar daidai?" Shi a wurinsa duk takardar da malami ya miƙo mai zaɓi biyar jarrabawa ce, kuma kowace jarrabawa tana da amsar da malam yake so. Na ce masa ya zaɓi abin da ke ransa. Ya leƙa takardar na kusa da shi ya kwafa.

Duk wannan a gabana aka yi, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da yarinyar nan ta zo hutu. Na ɗauko takardun ina taƙama. Ta duba biyar ko shida, ta ga sunaye a sama, ta tambaye ni wa ya raba. Da na gaya mata sai ta sa gefen hijabi ta rufe baki tana dariya. Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, amma wannan ba ɗakin karatu ka auna ba. Kunyar mutanen gari ka auna, kuma ta cika fal."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya san dalilin da ya sa mai sayen hatsi yake zuwa da kwanonsa. Ba don kowane mai awo macuci ne ba, sai don ba a bar wa mutum ɗaya kaya da mudu da shaida duka. Ni ne mai kayan, ni ne mai mudun, sannan na juya na tambayi almajirina, "Ya cika?" Me zai ce?

A daren nan ta yi mini karatu, na zama ɗalibi. Ta ce a manyan ɗakunan karatu na jami'o'i akwai wani ma'auni da ake kira LibQUAL+, wanda ƙungiyar ɗakunan karatu na bincike ta Amurka da Kanada, ARL, ta haɗa kai da jami'ar Texas A&M suka soma gwada shi a shekarar 2000. Asalinsa ma ba daga laburare ya fito ba. An aro shi ne daga SERVQUAL, wanda wasu masana harkar kasuwanci uku, Parasuraman da Zeithaml da Berry, suka wallafa a 1988 don auna yadda bankuna da kamfanonin waya da masu gyaran kayan lantarki suke yi wa abokan cinikinsu hidima. Shi na laburaren tambayoyi 22 ne ginshiƙansa, an kasa su gida uku: yadda ma'aikata suke mu'amala da mai karatu, ko mutum zai iya kai hannunsa ga bayanin da yake nema ba tare da wahala ba, sai kuma shi kansa wurin, ko ya dace da zama a yi nazari.

Inda dabarar take, ba sau ɗaya ake yi maka tambaya ba. Kowane abu sau uku za ka ba shi maki, daga 1 zuwa 9: mafi ƙarancin abin da za ka iya haƙuri da shi, abin da kake buri, da abin da kake gani a ƙasa yanzu. Ba makin kansa ake dubawa ba, tazarar da ke tsakani ake dubawa. In abin da kake gani ya faɗo ƙasa da iyakar haƙurinka, to an gaza, ko da makin ya yi kama da mai yawa. Wannan ya burge ni, don ya yi daidai da yadda muke ciniki: akwai farashin da mai kaya yake fata, akwai wanda ƙasa da shi sai ya ce albarka. Shi ainihin LibQUAL+ ɗin ta intanet ake cika shi kuma biya ake yi, ba namu ba ne, mu da ko kuɗin sabon kwan fitila sai an yi karo-karo. Amma muka ce ai dabara ba ta da maigadi, mu ara mu gwada.

Muka tara samari shida masu shirin JAMB, waɗanda su ne ainihin masu ɗumama bencin nan. Na fita na bar ta da su. Da ta fito sai na ga ba ta dariya. Ta ce ta tambayi ɗayansu mafi ƙarancin abin da zai yarda da shi a wurin karatu, ya ce in dai akwai inuwa kuma ƙannensa ba za su hau masa littafi ba, shi ke nan. Ta tambaye shi burinsa, in da za a ce masa ya faɗi duk abin da yake so. Ya yi shiru ya yi tunani ya ce, a ƙara fanka ɗaya. Iyakar burinsa ke nan, fanka ta biyu. Ba don ba shi da wayo ba, yaron yana cikin waɗanda nake alfahari da su. Bai taɓa shiga wani ɗakin karatu ba in ba wannan ba.

Sai na tuna ranar da na fara shiga ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano, ina ɗalibin kwalejin horon malamai, wani abokina ya ja ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon layin kantoci, ga mutane birjik amma ko tari ba ka ji. Kafin ranar, akwatin littattafan hedimastanmu shi ne laburare a wurina, kuma da an ba ni takarda a lokacin da "na gamsu ƙwarai" zan zaɓa da zuciya ɗaya, ba ƙarya na yi ba. Abin da ido bai taɓa gani ba rai ba ya nemansa. Saboda haka ko ma'aunin nan mai tambaya uku, a wurinmu sai ya nuna mun wuce iyakar haƙurin mutane, mun kusa taɓa burinsu, alhali haƙurin ne ya yi yawa, burin kuma bai tashi daga ƙasa ba. Da babu gara ba daɗi, shi ne abin da alƙaluman suke faɗa, ni kuma na karanta shi a matsayin yabo.

Ga kuma matsalar harshe, wadda ban ga yadda wani masani a Amurka zai hango ta ba. Mu mutane ne da za ka je duba marar lafiya, yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka tambayi wanda ambaliya ta cinye wa gona ya aka ji da haƙuri, ya ce sai godiya. Wannan tarbiyya ce, kuma ni ba na son ranar da za mu rasa ta. Amma wanda aka rena a kan haka ba zai ɗauki biro ya rubuta wa malaminsa "ban gamsu ba ko kaɗan" ba. A bakin Bahaushe "ba laifi" tana iya nufin abu ya yi kyau, tana iya nufin ya lalace amma ba zan faɗa ba. Sai ka ji muryar, ka ga fuskar. Takarda kuwa ba ta da murya. Da muka gwada wa Baba malamin gona makin 1 zuwa 9, cewa ya yi, "To tsakanin shida da bakwai mene ne bambanci? Ai duk ba laifi ne."

Sai muka watsar da kalmar gamsuwa gaba ɗaya. Muka bar tambayar mutum ra'ayinsa, muka koma tambayarsa labari, don mutum zai ji nauyin ya kushe ka amma ba zai ji nauyin faɗin abin da ya faru ba. Tambaya uku kacal: ran da ka zo na ƙarshe me ka zo nema? Ka samu? In ba ka samu ba, ina ka nufa? A ƙasa muka bar fili muka ce wanda bai taɓa zuwa ba ya faɗi abin da ya hana shi. Babu suna, babu unguwa. Da boko ko da ajami, duk wanda ya fi maka sauƙi. Muka samo kwalayen sabulu uku muka naɗe da salatif muka huda baki, ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya a shagon tela, ɗaya a Islamiyyar matan aure. Sharaɗin da 'yar yayana ta kafa mini shi ne kada a gan ni kusa da kwali, kuma ita za ta buɗe.

Wannan fili na ƙasa shi ne ya fi komai amfani, domin takardata ta farko waɗanda suka riga suka shigo kawai ta tambaya. Wanda ɗakin ya kora tun daga bakin ƙofa ba ya cikin lissafi. Cikin takardu 61 ɗin nan, na mata ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. Na ɗauka haka Allah Ya yi garin.

Da yake mata da yawa ba za su rubuta ba, mai ɗakina da malamar Islamiyya suka yi wata dabara. Ranar wani suna a unguwarmu, bayan an ci an sha, suka jera kwanuka biyar a bayan ɗaki, kowanne da abin da yake wakilta a gabansa: buta, agogo, littafi, tsohuwar waya, da wani guntun katako a madadin ƙofa. Aka ba kowace mace ƙwayar masara biyar, aka ce ta zaga ita kaɗai ta zuba a kan abin da ya fi hana ta ko 'yarta zuwa ɗakin karatu, ko ta rarraba ko ta juye wuri ɗaya. Mai ɗakina ta ce da farko abin wasa suka mayar da shi, ana ta shewa, wata tana cewa a ba ta masarar ta kai wa kajinta. Sai wata tsohuwa ta tashi da sandarta, ba ta ko ɓuya ba, ta juye duka biyar a kwanon buta. Ta ce, "'Yar nan, wurin da ba za ki kama ruwa ba ai ba wurin zama ba ne." Daga nan kowa ta nutsu.

Ni na yi zaton kwanon littafi ne zai cika. Na ƙofa ne ya cika, na buta yana bin sa. Da aka tambaye su me ƙofa ta yi, sai suka ce ba ƙofar ba ce, waɗanda ke bakinta ne. Akwai wata darbejiya daidai mashigar ɗakin, kuma tun da aka sa sola samari suka mayar da gindinta majalisa. Su sa waya caji a ciki, su fito su baje suna ludo suna musun ƙwallo. Ba su taɓa yi wa kowa rashin kunya ba, ni shaida ne. Amma wace budurwa ce za ta ratsa samari goma sha ta shiga ɗaki, wane miji ne zai bar matarsa? Shekara da shekaru ina wuce su ina amsa gaisuwa, har ina jin daɗi wai matasa sun saba da laburare.

Kwalayen su ma sun yi magana. Da yawa sun yi kukan lokaci: ina buɗewa daga la'asar zuwa magariba, daidai lokacin da yara suke Islamiyya, da damina kuma manya ba su dawo daga gona ba. Wani ya rubuta ya zo neman yadda ake maganin murar kaji bai samu ba, ya tafi wurin mai sayar da magani a kasuwa. Wani tsutsar da ke cin wake ta kawo shi. Na je na duba kantar noma, lamba 630 a tsarin Dewey na jera littattafai bisa fanni, wadda na yi ta fama na jera. Abin da ke kai littattafan Turanci ne a kan noman alkama da kiwon shanun madara a ƙasashen da ƙanƙara take zuba, ko kalma ɗaya babu a kan riɗi ko zoɓo ko gero. Masu shirin JAMB kuwa kusan bakinsu ɗaya: tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar nan gaba ɗaya, su kuma sai ranar jarrabawa wasunsu suke fara kama linzamin kwamfuta.

Sai wata 'yar takarda da aka yage daga littafin rubutu, da ajami, hannu mai kyau irin na wanda ya daɗe a makarantar allo. 'Yar yayana ta karanta ta ninke ta sa a ƙarƙashin sauran. Na ce ta ba ni. Ta ce, "Baffa, wannan ba komai." Na ce ta ba ni dai. An rubuta: "Malam yana ɗaure fuska. In ka nemi littafin cikin kabad sai ya ce me za ka yi da shi."

Na karanta sau uku. Na fara lissafin wa ya iya ajami haka a cikin masu zuwa, sai na kama kaina, na ga ai abin da ya sa ba a sa suna ba ke nan. Kuma gaskiya aka faɗa. Kabad biyun nan a nan na kulle duk wani littafi mai daraja: tafsiri, ƙamus, littattafan fiƙihu, da labaran Hausa da na san in sun fita ba lalle su dawo ba. Ina da hujjata. Ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a ƙasar Ringim da Haɗeja ba ta shiga ɗakin ba, amma danshi ya lalata mana duk abin da ke kantar ƙasa, kafin nan kuma an yi aron wasu ba a dawo da su ba. Tun daga lokacin na zama maigadin littattafai. Abin kunyar shi ne a ɗan kwas ɗin nan na sati biyu an koya mana dokoki biyar da wani masanin laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa a 1931, kuma ta farkonsu cewa take an yi littafi ne don a yi amfani da shi. Na haddace ta, na rubuta a jarrabawa, na ci. Sai ga shi wanda bai taɓa jin sunan Ranganathan ba ya tuna mini ita da ajami.

Kafin 'yar yayana ta koma makaranta ta nuna mini wani awon da ba ya bukatar takarda. Ta bi kantoci tana shafa saman littattafai da ɗan yatsa. Inda ake taɓawa yatsa ya fito fes, inda ba a taɓawa ya fito da ƙurar hunturu biyu. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Kusan kanta uku cur babu wanda ya kusance su sai gara, ita kam ta yi karatu mai zurfi a wani ƙaton littafin koyon aikin jinya. Rajistar da nake taƙama da ita kuwa, da muka bi ta layi-layi, fiye da rabin masu sa hannu 'yan caji ne.

Ranar taro na je da rahoto biyu. Tun da safe na nuna wa shugaban ƙungiya. Ya duba ya ce, "Malam, ai wannan na farkon shi ne rahoto. Wa zai ƙara ba da kuɗinsa in ya ji mata ba sa zuwa, littattafai gara na ci?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in na karanta shi kaɗai za su tafa su tafi, badi mu dawo da benci babu kowa." Bai so ba, amma ya bar ni. Na karanta na farko aka yi kabbara. Na karanta na biyu, har da maganar ɗaure fuska, wuri ya yi tsit. Wani daga cikin 'yan birni ya ce irin wannan tambaye-tambaye na ɓoye suna shi ke kawo raini, gobe yara za su fara rubuta wa iyayensu takarda. Wani kuma ya tambayi nawa buhun siminti yake.

Bayan kaka aka haƙa bayi aka kewaye, aka ajiye randa da buta biyu. Aka ja waya aka fitar da wurin caji can bayan ɗakin, dagaci ya yi wa samarin magana da kansa, majalisa ta koma wata inuwar ba tare da rigima ba. Muka ware yammacin Alhamis, ranar da babu Islamiyya, ta zama ta mata zalla. Mai ɗakina da malamar su ke riƙe makulli, ni ko leƙawa ba na yi. Alhamis ta farko mata biyu suka zo. Da damina ta kankama akwai makonnin da ba a ga kowa ba. Yanzu sukan kai takwas, wani lokaci goma, yawanci labaran Hausa suke nema, sai wata da kullum take tambayar littafin koyon yanka da ɗinki, wanda har yau ba mu samo mata ba. Kwamfuta dai shiru, an ce sai badi. Buɗewa da safe ma ta gagara: ina aji, saurayin da ya ɗauki nauyi kuma ya yi wata biyu ya tafi ci-rani.

Wani abin dariya, da 'yan caji suka daina sa hannu sai adadin da ke rajista ya faɗi warwas. Ɗaya daga cikin masu ba da kuɗi ya bugo mini daga Abuja yana tambaya me ya faru mutane suka gudu. Na yi ta bayani har katinsa ya ƙare, ban tabbata ya yarda ba.

Kabad ɗaya na buɗe, na cire ƙwadon na jefa a aljihun tebur. Littafi biyu sun ɓata tun daga lokacin, ɗaya kuma ya dawo da tabon manja. Ɗayan kabad ɗin, mai tafsiri da ƙamus, har yanzu ina ta shawara da zuciyata.

Kwalin teburin mai shayi ruwa ya jiƙa shi, na tela kuma yara suka farke. Na Islamiyya ne ya rage, sai wani sabo da na rataye a bayan ƙofar ɗakin, inda ba na hango mai sakawa daga kujerata. Ƙarshen kowane wata nake buɗewa. Wani lokaci babu komai sai bawon gyaɗa. Ranar Asabar da ta wuce na tarar da takarda ɗaya, ajami, hannun nan dai da na sani. An rubuta: "Fuska ta ɗan saki. Saura kabad na biyu."